Samuwar Taurari da Rayuwarsu da Mutuwarsu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye, inda hasken lantarki bai dusashe sama ba, ya san yadda taurari ke cika sarari har ido ya rasa inda zai sauka. Abin da ido ke gaya wa mai kallo shi ne, taurarin nan ba su sauyawa. Yadda kakanninmu suka ga Kaza da 'Ya'yanta, haka muke ganinta, haka kuma jikokinmu za su gan ta. Sai dai binciken da masana sararin samaniya suka yi a cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce ya tabbatar da cewa kowane tauraro yana da mafari, yana da tsawon kwana, yana kuma da ƙarshe. Wannan babi zai yi bayanin yadda taurari ke samuwa, da abin da ke sa su haske, da yadda suke ƙarewa. Za a ga cewa abu guda ne ke yanke wa tauraro tsawon kwanansa da irin mutuwar da zai yi, wato nauyin da ya soma rayuwa da shi.

Ya kamata ɗalibi ya lura tun daga nan cewa kalmomin "haihuwa" da "rayuwa" da "mutuwa" aro aka yi daga duniyar masu rai. Tauraro ba ya numfashi, ba ya ji, ba ya gani. An ari kalmomin ne domin sauƙaƙe bayani, kuma malamin da zai yi amfani da su a aji sai ya faɗa wa yara cewa aro ne, in ba haka ba za su ɗauke su a kan ma'anarsu ta asali.

1.1 Mene ne Tauraro?

Kalmar "tauraro" a bakin Bahaushe ta fi faɗi a kan yadda masana kimiyya ke amfani da ita. A wurinmu duk wani ɗigon haske da ke sama da dare tauraro ne. Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, tauraruwa ce a Hausa, haka ma Gamzaki da ke fitowa da asuba. A kimiyyance kuwa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne. Duniya ce irin tamu da ke zagaya rana, wadda Larabawa ke kira Zuhura, kuma hasken rana ne ke dukanta muke ganin ƙyallinta, wani lokaci da magariba, wani lokaci da asuba. Tauraruwa mai wutsiya, wadda ake cewa ganinta ba alheri ba, curin ƙanƙara ne da ƙura. Shi kuwa hasken nan da kan tsaga sama da dare har a ce tauraro ya faɗo, ɗan tsakuwa ne da sau da yawa bai wuce ƙwayar gero ba, wanda ya shigo iskar da ke lulluɓe da duniya da gudu ya ƙone. Babu tauraron da ya mutu a wannan lokaci.

Abin da kuma Bahaushe bai taɓa sa shi a sahun taurari ba, wato rana, ita ce tauraruwa ta haƙiƙa. Tauraro a kimiyyance ƙaton curi ne na iskar gas mai tsananin zafi, wanda yake samar da haskensa da kansa daga cikin cikinsa. Faɗin rana ya kai kilomita miliyan 1.39, wato za a jera duniya irin tamu 109 daga wannan gefe nata zuwa wancan, nauyinta kuma ya ninka na duniya sau 333,000. Kusanci ne kawai ya bambanta ta da sauran. Tana nesa da mu da kilomita miliyan 150, haskenta kuma yakan iso mu cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Tauraron da ke bi mata a kusanci, wato Proxima Centauri, sai haskensa ya yi tafiyar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso, alhali haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Saboda irin wannan nisa ne masana suke awo da "shekarar haske". Wannan ma'aunin tazara ne, ba na lokaci ba: nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kimanin kilomita tiriliyan 9.5.

Tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai yi ita ce, tun da taurari na yin miliyoyi da biliyoyin shekaru, wa ya zauna ya ga rayuwar ko da guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe? Babu. Amma a ɗauka wani baƙo da bai taɓa ganin ɗan'adam ba ya shiga kasuwa ranar cinta, ya yini guda. Zai ga jariri a goye, da yara masu talla, da majiya ƙarfi, da tsoho mai dogara sanda. Idan ya yi ƙidaya ya yi tunani, zai gane cewa matakai ne na rayuwa ɗaya, zai ma gane cewa matakin da ya fi yawan mutane shi ne wanda aka fi daɗewa a cikinsa. Haka masana suka yi da sama. Ejnar Hertzsprung na ƙasar Denmak a 1911, da Henry Norris Russell na Amurka a 1913, kowa da nasa aikin, sun jera taurari a jadawali bisa ga ƙarfin haskensu da zafinsu, sai suka tarar ba a warwatse suke ba, rukuni-rukuni suke. Wannan jadawali shi ne ginshiƙin nazarin rayuwar taurari har yau.

Mun yi sa'a, akwai wani yanki na sama da ya tara kusan duk matakan a wuri ɗaya. Daga watan Disamba zuwa Maris, bayan sallar isha'i, a daren da hazo ya lafa, za a ga wasu taurari uku a jere reras, tazararsu ɗaya. Su ne tsakiyar burujin da Larabawa ke kira Jauza'u, Turawa kuma Orayon. Yawancin misalan da za a kawo a wannan babi daga wannan buruji da maƙwabtansa aka ɗauko su.

1.2 Yadda Tauraro ke Samuwa

Filin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai gizagizai manya-manya na iskar gas da ƙura, mafi yawansu haidurojin ne, sai hiliyam. Faɗin wasunsu ya kai shekarun haske ɗari ko fiye, sanyinsu kuma yakan kai digiri 260 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Wannan sanyi yana da muhimmanci, domin gas mai zafi watsewa yake yi, mai sanyi ne ke yarda a tara shi.

Abin da ke tara shi kuwa shi ne ƙarfin janyowa, wato ƙarfin nan da kowane abu mai nauyi ke jan ɗan'uwansa da shi, wanda ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, ya kuma riƙe wata a kan hanyarsa. Na sha jin ana fassara shi da "maganaɗisun ƙasa", amma a ganina wannan fassara tana ɓatar da yaro. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan itace ko ruwa, kuma yakan ja yakan tura. Ƙarfin janyowa kuwa komai yake ja, kuma ba ya turawa ko kaɗan. Haka kuma duk inda aka ce "nauyi" a wannan babi, ana nufin yawan abin da aka tara a jikin tauraro, ba abin da sikeli zai nuna ba.

Idan wani sashe na girgijen ya fi sauran kauri, sai ya soma jan gas ɗin da ke kewaye da shi. Yana ja yana ƙara nauyi, yana ƙara nauyi yana ƙara ja. A hankali sai ya dunƙule, tsakiyarsa ta matse ta ɗauki zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi idan ana matsa iska a cikinsa. Curin yakan riƙa juyawa, abin da ya rage a gefensa kuma ya baje kamar faifai. Daga irin wannan faifai ne duniyarmu da 'yan'uwanta suka samu. Ranar da zafin tsakiya ya kai kimanin digiri miliyan 10, sai wani sabon aiki ya kankama a ciki, wanda za a yi bayaninsa a sashe na gaba, daga nan kuma an sami tauraro. Tauraro mai nauyin rana yakan ɗauki kusan shekaru miliyan 50 kafin ya kai wannan matsayi.

A kudu da taurarin nan uku na Jauza'u akwai wani ɗan haske mai kama da hayaƙi, wanda ido ke iya gani a dare mai duhu. Wannan shi ne Hazon Orayon, mai nisan kimanin shekarun haske 1,350, kuma ɗakin haihuwa ne, domin ana samun sababbin taurari a cikinsa a halin yanzu. Taurari ba su cika samuwa ɗai-ɗai ba, girgije guda yakan haifar da ɗaruruwa ko dubbai. Kaza da 'Ya'yanta misali ne na irin waɗannan 'yan ɗaki ɗaya. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai, amma madubin hangen nesa ya nuna sun haura dubu. Shekarunsu kimanin miliyan 100 ne, wato idan aka kwatanta da rana mai shekaru biliyan 4.6, 'yan tatsitsi ne.

Ba kowane curi ne ke zama tauraro ba. Wanda nauyinsa bai kai kashi 8 cikin 100 na nauyin rana ba, tsakiyarsa ba ta yin zafin da ake buƙata, sai ya yi ta hucewa. Ana kiran irinsa wada mai ruwan ƙasa. A 1995 aka fara tabbatar da samuwarsu, kuma ɗaya daga cikin na farko a cikin Kaza da 'Ya'yanta aka gano shi.

1.3 Abin da ke Sa Tauraro Haske

Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Da a ce rana gawayi ce take ci da wuta, da ta zama toka cikin 'yan dubban shekaru. A ƙarni na 19, Hermann von Helmholtz na Jamus da Lord Kelvin na Birtaniya sun kawo ra'ayin cewa tsukewa rana take yi a hankali, matsin ne ke haifar da zafi. Lissafinsu ya ba ta 'yan miliyoyin shekaru goma-goma, alhali masana duwatsu suna da hujjar cewa duniya kanta ta girmi haka nesa ba kusa ba. Ke nan da sauran magana.

Amsar ta zo ne daki-daki. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa nauyi na iya rikiɗa ya zama makamashi, kuma ɗan ƙanƙanin nauyi yana ba da makamashi mai ɗimbin yawa. A 1920 Arthur Eddington na Ingila ya kawo shawarar cewa taurari na mayar da haidurojin ya zama hiliyam. A 1925 wata ɗaliba mai suna Cecilia Payne ta nuna a kundin digirinta na uku cewa mafi yawan jikin taurari haidurojin ne da hiliyam. Manyan fannin na lokacin sun ƙi yarda, har aka sa ta sassauta maganarta a cikin kundin, daga baya kuma aka tabbatar ita ce da gaskiya. Sai a 1939 Hans Bethe ya fayyace matakan da aikin ke bi ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. A tsakiyar rana zafi ya kai digiri miliyan 15, ga kuma matsi marar misali. A wannan hali cibiyoyin ƙwayoyin zarra na haidurojin suna karo da juna da ƙarfi har su manne. Guda huɗu ne ke haɗuwa su ba da cibiyar hiliyam ɗaya, amma hiliyam ɗin bai kai nauyin huɗun da suka samar da shi ba, ya gaza da kashi 7 cikin 1,000. Wannan gibi shi ne ya zama zafi da haske. A kowace daƙiƙa rana na sarrafa kimanin tan miliyan 600 na haidurojin, kimanin tan miliyan 4 daga ciki kuma su rikiɗa su zama makamashi. Don haka idan aka ce tauraro yana "ƙona" haidurojin, wannan ma aron kalma ne. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, babu buƙatar iskar shaƙa. Haɗewa ce, ba ƙuna ba.

Daga nan rayuwar tauraro ta zama kokawa tsakanin ƙarfi biyu. Ƙarfin janyowa yana danno komai zuwa tsakiya, zafin da ke fitowa daga tsakiya kuma yana tunkuɗa komai waje. Muddin sun yi kunnen doki, tauraro na nan daram. Abin sha'awa shi ne yadda yake daidaita kansa. Idan tsakiya ta ɗan huce, sai nauyi ya matse ta, ta ƙara zafi, haɗewa ta ƙaru. Idan ta yi zafi fiye da kima, sai ta kumbura ta huce. Tauraro yakan shafe kusan kashi 90 cikin 100 na rayuwarsa a wannan hali na daidaito, kuma rana tana cikinsa a yanzu.

Hankali zai ba mutum cewa tauraron da ya fi nauyi, tun da ya fi yawan makamashi, shi zai fi daɗewa. Akasin haka ne. Yawan nauyi na nufin yawan matsi a tsakiya, yawan matsi na nufin yawan zafi, haɗewa kuma tana ƙaruwa ninki-ba-ninki da ɗan ƙarin zafi. Tauraron da ya ninka rana sau goma a nauyi yakan ninka ta sau dubbai a haske. Kamar mai rumbu goma ne da ya ɗauki ciyar da gari duka, ga maƙwabcinsa mai rumbu ɗaya da ke awo da tattali. Irin wannan tauraro shekaru miliyan 20 zuwa 30 kawai yake yi, rana kuwa za ta yi kimanin biliyan 10. Ƙananan taurarin da ake kira jajayen wadanni, waɗanda su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin galaksinmu, wato ƙasaitaccen rukunin taurarin da rana ke ciki, suna iya kai tiriliyoyin shekaru. Tun da shekarun sararin samaniya gaba ɗaya biliyan 13.8 ne, babu jan wada ko ɗaya da ya taɓa mutuwar tsufa. Duk da yawansu, babu wanda ido ke iya gani ba tare da madubi ba.

Launi ma yana ba da labari. Tauraro ja shi ne mai sauƙin zafi, kimanin digiri 3,000 a fatarsa, rana tana da 5,500, masu shuɗi-shuɗi kuwa sun haura 10,000. Maƙeri ya san wannan: ƙarfe yakan fara yin ja, sai in zafi ya tsananta ya koma fari.

1.4 Tsufan Taurari Irin Rana

Nan da kimanin shekaru biliyan 5, haidurojin da ke tsakiyar rana zai ƙare, ya bar curin hiliyam. Nauyi zai matse wannan curi ya ƙara zafi, haidurojin da ke kewaye da shi ya kama haɗewa da ƙarfin da ya fi na da, sai sassan waje su kumbura. Rana za ta ninka faɗinta fiye da sau ɗari, fatarta ta huce ta yi ja. Wannan mataki shi ake kira jan ƙato. Za ta haɗiye duniyoyi biyun da suka fi kusa da ita, wato Uɗaridu da Zara. Tamu duniyar kuwa tun kafin lokacin tekunanta sun ƙafe, domin hasken rana yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara biliyan ɗaya.

Wanda yake son ganin ƙaton tauraro da idonsa, sai ya bi layin taurarin nan uku zuwa wajen Kaza da 'Ya'yanta. A kan hanya zai ci karo da wani tauraro mai ruwan goro, shi ne Dabaran, wanda masu lissafin taurarin noma suka san sunansa. Ma'anar sunan a Larabci ita ce mai biyo baya, domin yana biye da Kaza da 'Ya'yanta a tafiyarsu ta dare. Nauyinsa bai fi na rana da yawa ba, amma faɗinsa ya ninka nata sau 44.

Idan zafin tsakiya ya kai digiri miliyan 100, sai hiliyam ma ya soma haɗewa ya ba da kabon da oksijin. A nan tauraro irin rana yake tsayawa, domin ba shi da nauyin da zai kai shi mataki na gaba. Sai ya riƙa furzar da sassansa na waje, su baje su zama wani kyakkyawan hazo mai haske da ke watsewa cikin 'yan dubban shekaru goma-goma. Abin da ya rage shi ne tsurar tsakiya, wadda ake kira farin wada. Girmansa kamar na duniyarmu ne, amma ya ƙunshi kusan rabin nauyin rana, ta yadda cikin ƙaramin cokali na jikinsa zai auna tan da dama. Ba ya haɗa komai, sauran zafi ne kawai gare shi, kamar garwashin da aka bari a murhu, zai yi ta hucewa har biliyoyin shekaru. Idan aka bi layin taurarin uku ta ɗaya ɓangaren, za a iske Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare. Yana da abokin tafiya farin wada, wanda Friedrich Bessel ya yi hasashen samuwarsa a 1844 saboda tangaɗin da ya ga Shi'ira na yi, aka kuma gan shi da madubi a 1862.

Me ke hana farin wada ci gaba da rushewa, tun da wutarsa ta mutu? Ƙananan ƙwayoyin nan ne da ake kira ilektoron, waɗanda idan aka cusa su suka kai wani matsayi ba su yarda a ƙara matse su. Amma wannan turjiya tana da iyaka. A 1930 wani saurayi ɗan Indiya mai shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila karatu, ya soma lissafin da ya nuna cewa farin wada ba zai iya wuce wani nauyi ba, wanda aka tsayar a kan ninki 1.4 na nauyin rana. Eddington, duk da girmansa, ya yi wa wannan sakamako ba'a a bainar jama'a a 1935. Lissafin saurayin ne ya tabbata, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1983.

1.5 Mutuwar Manyan Taurari

Tauraron da ya ninka rana sau 8 ko fiye ba ya tsayawa a kabon. Duk lokacin da wani makamashi ya ƙare, sai tsakiya ta ƙara matsewa, tokar wancan mataki ta zama makamashin na gaba. Kowane mataki kuma ya fi na bayansa gajarta. A tauraro mai ninki 25 na nauyin rana, haidurojin yakan yi kimanin shekaru miliyan 7, hiliyam fiye da rabin miliyan, kabon 'yan ɗaruruwan shekaru, niyon kamar shekara guda, oksijin kamar wata shida, silikon kuwa kwana ɗaya tak. A ƙarshe cikin tauraron yakan zama hawa-hawa kamar albasa, da curin baƙin ƙarfe a can tsakiya.

Ƙarfe shi ne ƙarshen hanya, domin haɗa shi ba ya ba da makamashi, ci ma yake yi. Da zarar curin ƙarfen ya wuce iyakar da Chandrasekhar ya gano, sai ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, daga girman duniya zuwa faɗin kilomita 'yan gomomi. Sassan waje su auko masa, su yi karo da shi, sai tauraron ya tarwatse. Wannan fashewa ita ake kira sufanoba, kuma na 'yan makonni haskenta yakan kai na biliyoyin rana a haɗe. Duk da haka hasken ɗan kaɗan ne daga cikin ƙarfinta, domin kusan kashi 99 cikin 100 yana fita ne a matsayin wasu ƙwayoyi marasa ganuwa da ake kira niyutirino.

Tarihi ya adana wasu daga cikin waɗannan fashe-fashe. A watan Yuli na 1054 masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta bayyanar wani "baƙon tauraro" da aka riƙa gani da rana tsaka har kwana 23, da dare kuma kusan shekara biyu. Ɓaraguzansa suna nan ba nisa da Dabaran a yadda ido ke ganin sama, ana kiran su Hazon Ƙaguwa, suna kuma ci gaba da bajewa. Kafin wannan, a 1006, wani likita kuma masanin taurari na Masar, Ali bin Ridwan, ya ga wata da ta fi ta haske ya kuma bayyana ta a rubuce, ko da yake ita irinta daban ce: farin wada ne ya yi nauyi fiye da kima ya tarwatse. An ga wasu a 1572 da 1604, kuma tun daga ta 1604 ba a sake ganin fashewar tauraro da ido a cikin galaksinmu ba. Wadda ta fi amfanar da masana ita ce ta watan Fabrairun 1987, a wani ƙaramin galaksi maƙwabcinmu mai nisan kimanin shekarun haske 168,000. Sa'o'i kaɗan kafin a ga haskenta, na'urori a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci sun kama niyutirino ashirin da 'yan kai. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya gaskata abin da aka daɗe ana lissafawa a takarda.

Abin da fashewar ke bari a baya ya danganta, a nan ma, ga nauyi. Mafi yawa takan bar tauraron niyutiron, curi mai faɗin kimanin kilomita 20 wanda ya fi rana nauyi. Cikin ƙaramin cokali na jikinsa ya haura tan biliyan ɗaya. Wasunsu suna juyawa da sauri suna watso haske kamar fitilar motar asibiti. Wata ɗaliba a Jami'ar Kambirij, Jocelyn Bell, ita ta fara gano irinsu a 1967, wanda ke cikin Hazon Ƙaguwa kuma yana juyawa sau 30 a daƙiƙa guda. Idan kuwa tsakiyar ta wuce ninki biyu zuwa uku na nauyin rana, babu abin da zai tare ta, sai ta zama baƙin rami, wurin da ƙarfin janyowa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta. Sunan yakan sa yara su zaci wani dodo ne mai zuƙe komai. Ba haka ba ne. Da za a cire rana a sa baƙin rami mai nauyinta, faɗinsa kilomita 6 ne kawai, kuma duniya za ta ci gaba da zagayenta yadda ta saba, sai dai cikin duhu da sanyi. A ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka fara kama girgizar da karon baƙaƙen ramuka biyu ya haifar.

A farkon samuwar sararin samaniya haidurojin ne da hiliyam kusan kaɗai. Kabon da ke jikin kowane mai rai, da oksijin da muke shaƙa, da kalshiyam na ƙashi, da ƙarfen da ke cikin jini da wanda maƙeri ke ƙera fartanya da shi, duk a cikin taurari aka dafa su, mutuwar taurarin ce kuma ta watsa su cikin gizagizan da suka haifi rana da duniya. Fred Hoyle da abokan aikinsa uku ne suka shimfiɗa wannan bayani a 1957. Zinariya ma an ga inda ake samun wani kaso nata a watan Agustan 2017, lokacin da aka hango karon taurarin niyutiron biyu.

Akwai tauraro guda a Jauza'u da ke kan wannan hanya a yanzu. Shi ne jan nan mai haske da ke arewa da taurari ukun, wanda Turawa ke kira Bitaljus. Asalin sunan Yadul Jauza'i ne, wato hannun Jauza'u, amma masu juya littattafan Larabci zuwa Latin suka karanta harafin ya, mai ɗigo biyu a ƙasa, a matsayin ba, mai ɗigo ɗaya. Duk mai karanta ajami ya san yadda ɗigo guda ke sauya magana. Shekarun Bitaljus kimanin miliyan 10 ne kacal, amma ya riga ya tsufa, ya kumbura har da za a ajiye shi a gurbin rana da ya haɗiye duniyarmu da Mirrihu da ke bayanta. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 haskensa ya ragu zuwa kusan sulusin yadda aka saba, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa fashewa zai yi. Bincike ya nuna gas ya furzar, gas ɗin ya huce ya zama ƙura ta kare shi, kuma kafin tsakiyar 2020 ya koma yadda yake. Lissafin masana shi ne zai fashe a cikin shekaru 100,000 masu zuwa. Yana nesa da mu da shekarun haske 500 zuwa 700, don haka ba zai cutar da duniya ba, amma haskensa zai kusanci na rabin wata, za a kuma riƙa ganinsa da rana tsaka har tsawon watanni.